Leda mai soso a silin ɗin tsohon jirgin ruwa: inda ta yi da inda take ba da kunya

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin tsohon jirgin ruwa mai filafilai, irin waɗanda aka ƙera da faiba a shekarun 1970 da 1980, ya san wannan kamanni. Ledar silin ta saki, ta yi tumbi a saman gado, idan ka dungure ta da yatsa sai wani gari mai launin ƙasa-ƙasa ya zubo maka a ido, ka murza shi a hannu ka ji yana danƙo. Jiragen kamfanin Westerly na Ingila sun yi suna a kan wannan ciwo, musamman Centaur mai tsawon ƙafa 26, wanda aka ƙera sama da guda 2,400 daga 1969 zuwa 1980. Amma ba su kaɗai ba ne. Kusan duk maƙerin da ya manna leda mai soso kai tsaye a jikin faiba a wancan zamani ya bar wa masu saye na uku da na huɗu wannan gado.

Abin da ake sayarwa yau don gyara shi ne dai wannan kayan: ledar PVC mai ɗan zane a fuska, da soso mai kaurin milimita 3 zuwa 6 a bayanta, a naɗe, faɗinta yawanci santimita 137. Tambayar da ke gaban mai gyara ita ce ko ya sake sayen abin da ya riga ya ci amanar jirgin sau ɗaya. Amsarmu ita ce e, ya saya, amma da sharaɗi: kada ya manna ta a jikin rufin. A lulluɓe ta a kan allunan da ake iya cirewa. Ledar kanta ba ta da laifi sosai, yadda aka fara sa ta ne ya jawo mata baƙin jini.

Me ya kashe ta farko

Mutane da yawa suna ɗora wa gam laifi, alhali idan ka ɓare tsohuwar ledar za ka tarar gam ɗin yana nan daram a jikin faiba, ya ƙi fita ma. Soson ne ya mutu. Soson foliyuritan ne mai buɗaɗɗun ƙofofi, yana shan danshi, zafi kuma yana gasa shi daga sama, a hankali sinadarinsa ya warware ya koma gari. Daga nan leda ba ta da abin riƙewa. Shi ya sa fesa sabon gam ta wata 'yar kafa a danna ledar sama aikin banza ne, gam ka sa wa ƙura. Zai riƙe na mako biyu ko uku, ya sake saki, ya kuma bar tabo.

Danshin ta hanya biyu yake zuwa. Akwai yoyo daga ƙusoshin kayan da aka ɗaure a saman rufi, akwai kuma gumin rufin kansa. Iskar ɗaki mai zafin digiri 20 da damshi kashi 70 cikin ɗari tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya sauko wajen digiri 14. Rufin faiba da dare, a kan ruwa, mutum biyu suna numfashi a ƙasansa, ga butar shayi a kan wuta, ba ya daɗewa bai kai nan ba. Soson yana tsotse wannan raɓa duk dare, rana ta fito ta dafa shi. Shekara da shekaru ana haka.

Wajen saye a tambayi irin soson. Akwai na foliyesta, akwai na foli'ita, kuma na biyun ya fi jure danshi nesa ba kusa ba. Akwai kuma leda mai rufaffen soso wanda ba ya shan ruwa, da wadda aka yi wa baya da wani abu kamar bargo. Mai sayarwar da bai iya gaya maka abin da ke bayan ledarsa ba, a bar masa kayansa.

Kafin a auna komai

Babu wata leda, komai tsadarta, da za ta yi daraja a ƙarƙashin rufin da ke yoyo. Da zarar an ɓare tsohuwar, wannan ce damar da ba za a sake samu ba a ga cikin rufin tsirara. A sa mutum ɗaya a waje da tiyon ruwa, ɗaya a ciki da tocila, a bi kayan saman ɗaya bayan ɗaya: sandunan riƙewa, winci (abin naɗe igiya a ja ta), gindin jigon da ke ɗauke da filafilai, firam ɗin tagar sama, da duk wani ƙarfe da ake ɗaura igiya. A fara daga na ƙasa a hau sama, kowanne a ba shi minti goma, don in an fara daga sama ruwan zai gangaro ya ruɗa ka. Yoyo kuma ba ya ɗiga a inda ya shiga, yana bin cikin rufi ya ɓullo can wani wuri. Baƙin layi ko tsatsa a kusa da noti shi ne shaidar farko.

Yawancin waɗannan rufuna hawa uku ne: faiba a sama, faiba a ƙasa, a tsakiya katakon balsa ko filawud ko soso mai tauri. In ruwa ya shiga tsakiyar nan balsa yana ruɓewa. A bi rufin da ƙaramar guduma ta roba ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum kamar ka bugi buhu. Inda aka samu haka, maganar silin ta tsaya sai an gyara.

Duk ƙusar da aka ga tana yoyo a kwance ta. Idan ta milimita 6 ce, a faɗaɗa raminta zuwa 12, a ƙwaƙule jiƙaƙƙen balsan da ke kewaye, a bari ya bushe, a toshe ƙasa da tef, a cika da efoksi mai kauri (gam ne da ake haɗa ruwa biyu ya sandare), in ya sandare a sake huda 6 a tsakiyarsa. Ko ruwa ya sake bi ta nan ba zai taɓa balsa ba. A ɗan fafe bakin ramin daga sama, a naɗa tef ɗin butil, wato roba mai danƙo mai hana yoyo, a mayar da ƙusar. Jelar da ta zarce noti da yawa a yanke ta, domin ita ce za ta hana allo kwanciya daga baya.

Sai aikin da kowa ke gudu, kankare tsohon gam. Makankari yana ɗauke garin soson, sauran kuma sai buroshin waya mai kamar kofi a bakin injin huda. A tafi da shi a hankali. In aka ba shi wuta sosai gam ɗin narkewa yake yi ya shafe ko'ina, aiki ya koma sabo. Takunkumi mai matatar P3, tabarau mai rufe gefe, da rigar da za a jefar, duk dole ne, don ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi na kwanaki kuma ba abin shaƙa ba ce. A fitar da katifu da labule gaba ɗaya kafin a fara. Ga wani sauƙi da hanyar alluna ta kawo: ba sai an kankare rufin duka ya yi fes ba. A share abin da ke zuba, a wanke fumfuna, sannan a goge sosai a layukan da katako zai zauna kawai.

Manna ta kai tsaye

Wannan ita ce hanyar da aka gada, kuma tana da abin yabo guda biyu. Ba ta cin tsayin ɗaki, sannan tana bin lanƙwasa ta kowace fuska, abin da allo ba ya iyawa. A ƙuryar gaban jirgi da kewayen tagogi, inda babu wuri mai faɗin tafin hannu da yake a miƙe, wani lokaci babu makawa sai ita.

Amma a san abin da aka shiga. Gam mai kama-da-kama ake amfani da shi, wanda ake shafa wa fuska biyu a jira ya sha iska, kuma da zarar sun haɗu babu gyara. Mutum yana aiki hannu a sama, leda mai tsawon mita biyu tana reto a kansa, kuskuren santimita ɗaya a farko ya zama taƙura a ƙarshe. Aikin mutum biyu ne, a ja layi a tsakiyar rufi da tsakiyar leda, a fara daga nan ana shafawa zuwa gefe, rabin mita rabin mita. A jikin faiba a shafa na buroshi, a jikin soso a yi feshi sama-sama. In gam ya yi yawa a soson yana nutsewa ciki, ka danna da yatsa ƙofofin su manne da juna, ramin yatsan ya zauna har abada. Silin da aka yi wa haka, hasken safiya in ya shigo ta taga a kwance sai ka ƙirga yatsun mai aikin. Da tafin hannu ake shafawa, ko da rola mai laushi.

Gam ɗin kuma dole ya zama mai jure zafi, domin rufin da rana ta buga, balle mai duhun fenti, yana iya wuce digiri 60. 3M Super 77 na aikin da ba nauyi ne, kada a dogara da shi a nan. Hi-Strength 90 ya fi shi riƙo da jure zafi, akwai kuma waɗanda aka yi musamman don silin ɗin mota da jirgi. Adadin da aka rubuta a jikin gwangwani na fuska mai santsi ne, cikin faiba kuwa gargaje ne, soso kuma mashayi, saboda haka a sayi fiye da lissafi. Kada a yi aikin da sanyin safiya ko ranar da iska ta cika damshi: sinadarin yana tashi yana sanyaya wurin, raɓa ta kwanta a kan gam, a manna ya ƙi kamawa.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne tururinsa. Ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya taru a gindin jirgi inda babu mafita, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Famfon da ke tashi da kansa in ruwa ya taru ma ya isa. A cire kan batir, a rufe tukunyar gas, a buɗe kowace ƙofa, a sa takunkumi mai matatar tururi irin A2. Na ƙura ba ya tare komai a nan.

Bayan duk wannan wahala, me aka samu? Silin mai kyau wanda ya binne kowane noti da kowace waya. Ranar da winci ya fara yoyo, reza za a ɗauko.

A kan alluna

A nan ne kayan yake nuna kansa. Tsarin shi ne a manna siraran katako a jikin rufi kamar haƙarƙari, a yanka filawud gida-gida, a lulluɓe kowanne da leda a kan tebur, a ɗaura shi da sukuru.

Haƙarƙarin katako mai kaurin milimita 10 zuwa 12 ne, faɗi 30 zuwa 40, a jera su daga gefe zuwa gefe da tazarar santimita 30 zuwa 40, a ƙara ɗaya a duk inda bakin allo biyu za su haɗu da kewayen tagar sama. Katako mai kaurin 12 ba ya son bin lanƙwasar rufi. Ko a tsattsaga bayansa da zarto kowace santimita 4 zuwa 5, zurfin kashi biyu cikin uku, ko a haɗa sirara biyu masu kaurin 6 a manna su tare a wurin. Ta biyun ta fi ƙarfi, ta farkon ta fi sauri.

Kada a ɗaura su da sukuru a jikin rufi. Faiban ciki siriri ne, sau da yawa bai wuce milimita biyu ko uku ba, bayansa balsa ne, kuma kowane sukuru ƙofa ce da aka buɗe wa danshi. Manna su ake yi. A goge layin da samfefa mai lamba 80 har ainihin faiba ya fito, a share da asiton, a fara shafa efoksi tsurarsa a fuska biyu, sannan a bi da wanda aka kauraya da garin silika har ya daina zuba daga sandar juyawa. Ga mai amfani da efoksi mai suna West System, lamba 105 (efoksin kansa) da 205 (mai sandarar da shi) ana haɗa su biyar da ɗaya, amma 205 yana fara kamawa a kofi cikin minti 9 zuwa 12 a zafin digiri 22. Wannan ya yi wa aikin sama gajarta. Lamba 206, shi ma biyar da ɗaya, yana ba da minti 20 zuwa 25. A dama kaɗan kaɗan, domin mai yawa a kofi ɗaya yana ɗaukar zafi ya sandare a hannunka. Wanda ba ya son efoksi, gam ɗin Sikaflex 291i yana yi, kuma yana ɗan ba da kai idan rufin ya motsa. 3M 5200 ma yana riƙewa, sai dai na asalin yana ɗaukar kwana bakwai kafin ya gama nuna, wa zai bar tokara a ɗaki mako guda? Tokarar ita ce siraran sanduna da suka ɗan fi tsayin ɗaki, a lanƙwasa su tsakanin daɓe da haƙarƙari, uku ko huɗu ga kowanne, su kwana a haka.

Filawud na jirgi ake so, mai hatimin BS 1088, na itacen okume, kaurin milimita 4. Allo ɗaya mai 2440 da 1220 nauyinsa wajen kilo shida ne. Mai kaurin 3 yana yin ciki tsakanin haƙarƙari, mai 6 kuma nauyi ne a sama inda jirgi ba ya son nauyi, ga taurin kai wajen lanƙwasa. A tuna filawud fuska ɗaya yake lanƙwasuwa. Inda rufi ya lanƙwashe gaba da gefe lokaci guda, sai a ƙanƙanta allunan. A kuma auna ƙofar shiga tun kafin a yanka. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an gama lulluɓe allo mai kyau ya ƙi shiga ɗaki.

Babu kusurwar da take daidai a cikin jirgi, dama da hagu ma ba su cika zama ɗaya ba, don haka tef ɗin awo kaɗai ba ya wadatarwa. A yanka kwali mai tauri ko ragowar filawud sirara masu faɗin santimita 5, a jera su a bakin wurin da allon zai zauna, a haɗa su da gam mai zafi, a sa biyu a gicciye don kada siffar ta goce, a sauko da ita a zana. A rubuta sama da gaba a jiki, don juya samfur baibai kuskure ne da ke cin allo guda. A rage milimita 3 a kowane gefe saboda kaurin ledar da za ta naɗo. A gwada allon tsirara a wurinsa, a huda ramukan sukuru da na fitilu, sannan a shafe shi da efoksi ko banish hannu biyu, gaba da baya, musamman bakin da zarto ya bi. Wanda ya tsallake wannan, bayan damina biyu zai ga baƙin tabo yana ɓullowa ta cikin leda, allon kuma ya kantare.

Lulluɓin shi ne wuri mafi daɗi a aikin. A shimfiɗa leda fuska ƙasa a kan tebur mai tsabta, a yanka ta da rarar santimita 5 a kowane gefe. A nan ba a bukatar gam mai tururi: farin gam na kafinta mai jure ruwa, a shafa shi siriri da rola, ya isa, kuma yana ba da damar gyara zama. Sai dai yana son katakon da zai ɗan sha shi, don haka in an yi niyyar amfani da shi a bar fuskar da leda za ta hau ba efoksi, ko a goge ta da samfefa a koma ga gam mai kama-da-kama. A kifa allo a kan soson, a ɗora nauyi mai faɗi ko'ina daidai, a bar shi ya kwana. Washegari a ɓare soson daga rarar da za a naɗe baya, don bakin ya fito siriri. A ja daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, ja na hankali, in aka matsa allon zai lanƙwashe. A kusurwa a yanke ƙaramin yanki kamar bakin almakashi don kada ta yi ƙulli. A kama rarar da fin na sitenles ko na Monel (wani ƙarfe mai jure tsatsa) mai gajeriyar ƙafa, milimita 4. Mai ƙafa 6 zai leƙo ta fuska, na baƙin ƙarfe kuma zai zubar da tsatsa. Dalilin fin shi ne bayan leda tsirara yana fitar da wani mai da ke sa PVC laushi, wannan man kuwa a hankali yake narkar da gam na yau da kullum ya koma danƙo.

Wajen ɗaurawa a yi lissafin tsawon sukuru da alƙalami. Filawud 4, leda in ta matsu wajen 2, washa mai kofi wajen 2, haƙarƙari 12, jimla 20. Sukuru mai tsawon 16 ke nan, na sitenles A4. Mai tsawon 25 da aka tsinta a gwangwani zai ratsa har cikin balsa. A soka ledar da tsinke kafin sukuru ya shiga, in ba haka ba zaren yana naɗe soson ya murɗe fuskar. Bakin alluna kuma a rufe shi da siririn katakon tik ko wani mai kyan ƙwaya, shi ma da sukuru, ba da gam ba.

Wanda ba ya son ganin kan sukuru yana da zaɓi. Velcro (tef mai maƙalewa irin na bakin takalmi) na yau da kullum ba ya ɗaukar allo a sama na dogon lokaci. 3M Dual Lock SJ3550 ya fi shi nesa, yana kamawa kamar ƙarangiya har ka ji ƙas, amma riƙonsa ya kan fi ƙarfin gam ɗin bayansa idan an manna shi a kan katako tsirara, ka ja allo ya taho da duka biyun. A shafe katakon da efoksi tukuna, a ƙara masa fin, a yanka gutsattsari na santimita 5 maimakon dogon layi. Yana kuma ƙara kusan milimita 6 a kauri. Maɓallan Fastmount na ƙasar Niyu Zilan sun fi tsabta, sai dai suna son awo na ƙwarai da wuri mai ɗan zurfi.

Ga misalin lissafin kaya. Rufi mai faɗin mita 2.2 da tsawon mita 3 ya ba da murabba'in mita 6.6. Filawud uku za a saya, don biyu ba su kai shida ba ko da babu asara. Leda kuwa, 6.6 a raba da 1.37 ya ba da kusan 4.8, amma da rarar naɗi da asarar yanka sai a sayi mita 7, kuma daga naɗi ɗaya, domin fari ma kala-kala ne. Idan zanen fuskar yana da hanya, duk allunan su kalli gefe guda.

Kuɗin da wannan hanya ke karɓa shi ne tsayi: wajen santimita biyu. A jirgin da dogon mutum ke tsayawa da ƙyar, abin lura ne. Ana iya rage haƙarƙari zuwa 8 a tsakiyar ɗaki, da sharaɗin sukurun ma ya gajarta.

Ratar da ke bayan allo

Santimita ɗayan nan da ke tsakanin allo da rufi tana da amfani biyu. Na farko wayoyi: a sa sabuwar waya mai ruwan kuza, a bi da ita gefen haƙarƙari, a ɗauki hoto da tef ɗin awo a jiki kafin a rufe, don kada sukuru ya same ta wata rana. Fitilun LED masu shiga cikin allo a duba zurfinsu kafin a saya, da yawa sun fi ratar.

Na biyu maganin gumi. Armaflex na kamfanin Armacell, baƙin soson roba mai rufaffun ƙofofi, mai kaurin milimita 10, yana shiga tsakanin haƙarƙari daidai. Sharaɗinsa ɗaya ne: ya manne da faiba ko'ina, ba kumfar iska a baya, bakunansa ma a haɗe da gam. Inda aka bar rata iska mai damshi tana zagayawa ta baya, raɓa ta kwanta a ɓoye, fumfuna ta samu gida. A yanke ƙananan da'ira a kan notuna don a iya kai musu, a mayar da yankin kamar murfi. Ulun gilashi na gini da soson katifa ba su da wuri a nan, ruwa suke riƙewa. Kan ƙusoshin da suka ratso daga waje su ne za su ci gaba da gumi ko an yi duk wannan, shi ya sa murfin nan yake da amfani.

A saman murhu kada a sa leda ko kaɗan. Farantin sitenles da 'yar rata a bayansa shi ne daidai.

Idan aka ajiye ta gefen sauran kaya, leda mai soso ta fi su taushi ga kan da ya bugi rufi lokacin da teku ta tashi, tana rage amon ɗaki, tana gogewa da ruwan sabulu. Tana da rauni ga abu mai kaifi, kuma tina ko asiton suna cinye fuskarta. Allon PVC mai kumfa, irin Forex ko Sintra, ba ya ruɓewa kuma ba ya bukatar lulluɓi, amma yana miƙewa da zafi, allo mai mita biyu yana iya ƙara milimita uku ko huɗu tsakanin sanyin dare da zafin rana, don haka sai an faɗaɗa ramukan sukuru an bar masa wurin motsi, in ba haka ba ya yi tumbi shi ma. Siraran katako masu shiga juna sun fi kowa kyau a ido, sun kuma fi kowa nauyi da cin lokaci, ga duhunta ɗaki in ba a yi musu farin fenti ba. Fenti tsurarsa a kan faiba shi ne mafi sauƙin kulawa, kowane noti a fili, sai dai ba ya hana gumi, kuma mai sheƙi yana tona duk wani gargaje. In za a yi shi a zaɓi marar sheƙi.

Wani abu da ya kamata a yi kafin a ɗaura allo na ƙarshe: a rubuta lamba da kibiya a bayan kowanne, a rubuta abin da ke ƙarƙashinsa, winci ne ko mahaɗar waya, da tsarin da ake bi wajen cirewa, tunda galibi wani yana danne bakin wani. Ragowar ledar kuma a naɗe ta a jikin bututu, fuska waje, kada a ninke, a ajiye ta inda rana ba ta kaiwa. In allo ɗaya ya yage, da ita za a sake lulluɓe shi a kan tebur cikin yini guda.